Kawu Maiwada da Motar da Za Ta Gaji Doguwa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, 14 ga Oktoba, 2025, Allah ya karɓi ran kawuna, Malam Maiwada, tsohon jami'in duba-gari, a gidansa da ke ƙauyenmu na ƙasar Gubuchi, bayan jinyar ciwon zuciya da ya taso masa tun tsakiyar damina. An yi masa sutura bayan azahar. Lokacin kaka ne, kowa na da masarar da ke jiransa a gona, amma aka bar ta. Mutane sun zo daga Makarfi, daga Ikara, daga Paki da Hunkuyi, har sahun sallar ya fita daga filin makaranta ya shiga gonar da ke bayanta.

Ina wurin aiki a Zariya matarsa, Inna Indo, ta kira ni. Abin da ta ce kawai shi ne, "Hafiza, kawunki ya tafi."

Kawu, na san ba ka son yabo. Duk wanda ya fara yabonka a gabanka, tambayarsa kake yi ko ya duba ruwan lagireton motarsa yau. Ka yi haƙuri, wannan karon ba ka da damar katse ni.

Wanda bai san ƙauyenmu ba sai na yi masa bayanin abu biyu, mota da duro. Motar doguwa ce ƙirar Faransa, mai amfani da gas, wadda Kawu ya saya a gwanjon wata ma'aikata tun ina firamare. Ba ta da wani suna sai Doguwa. Makullinta na rataye a zaure, kuma duk wanda ya iya tuƙi cikin mutanen da Kawu ya koya wa yana iya ɗauka ba tare da ya tambayi kowa ba, matuƙar ciwo ne, ko haihuwa, ko gawa. Duron kuwa yana ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gida. Duk wanda ya samu ragowar gas sai ya zo ya juye: mai injin niƙa, mai hayar tarakta, mai janareta, da tsohuwar da ta sayar da gyaɗa ta sayo kwalba ɗaya a bakin titi. Ba a tambayar daga ina gas ya fito, ba a kallon yawansa. Kawu na tace shi da tsohon rawani ya zuba wa Doguwa, ita kuma ta shanye ba gardama. Na taɓa tambayarsa me ya sa bai sayi man motarsa da fanshonsa ya huta ba. Ya ce mutumin da ya taɓa zuba kwalba ɗaya a duron nan, ranar da matarsa ta fara naƙuda ba roƙo zai zo yi ba, motarsa zai zo ɗauka.

Dokar ba ta bar kowa ba. Inna Indo ta hau acaɓa zuwa bikin 'yar ƙanwarta a Paki, da ƙwarya a cinya, alhali Doguwa na tsaye a inuwa. Har yau in ta tuna sai ta yi tsaki. Akwai kuma wani bawan Allah, ba zan faɗi sunansa ba tunda yana cikin waɗanda suka haƙa kabarin, da ya ɗauki motar a kan cewa mahaifiyarsa ba ta da lafiya, ta dawo da yamma tana warin albasa. Washegari Kawu ya sa babbar riga, ya sayi lemo, ya tafi dubiya. Ya tarar da tsohuwar a tsakar gida tana surfe da ƙarfinta. Ya zauna ya yi mata doguwar addu'ar samun sauƙi a gaban surukanta da jikokinta, ya ajiye lemon ya fito. Ba a sake kai albasa kasuwa a Doguwa ba.

Sista Rosaline, nas mai ritaya, 'yar kudancin Kaduna da aiki ya kawo ta garinmu kuma ta zauna, ita ce ke zama a baya da masu naƙuda. Lokacin da mijinta Yunana ya rasu, danginsa suka ce a kai shi gida. Kawu da kansa ya tuƙa, tafiyar yini guda, ya tsaya a gefen maƙabartarsu da hularsa a hannu har aka gama, ya yi sallarsa a ƙarƙashin mangwaro, ya dawo da ita gida. Ba su taɓa daina faɗa a kan gudu ba. Ita tana cewa ya ƙara wuta, shi yana cewa Doguwa ba ta san wannan kalmar ba.

A watan Yuli ya yanke jiki ya faɗi a bakin masallaci. Aka shimfiɗa katifa a bayan Doguwa aka kwantar da shi, aka nufi asibitin Makarfi. Shekaru masu yawa yana tuƙa motar nan, amma ranar ce ta farko da ya kwanta inda marasa lafiya ke kwanciya. Da ya farfaɗo, kafin ya tambayi abin da likita ya ce, sai ya dubi Sista Rosaline.

"Sista, hayaƙin nan kullum haka yake shigowa ta ƙasa?"

"Malam, tun yaushe nake gaya maka? Ka ce hancina ne."

"To, hancinki ya yi gaskiya."

Ƙasan motar ya ruɓe, walda a kan walda, har mai waldar ya ce ba sauran ƙarfen da zai kama. Kawu ya dawo gida ya tara mutane a zaure ya ce Doguwa ta gama aikinta, a nemo wadda za ta gaje ta tun yana da ido. Babban ɗansa, Abdulrahman, injiniya a Kaduna, ya ce shi zai saya. Kowa ya sa albarka. Daga nan rigima ta fara, irin rigimar da ƙauyenmu bai gani ba tun zaɓen kansila.

Kawu ya raba motocin gas na hannu gida uku, ya ce kaka, uwa da jika. Kaka ita ce tsarar Doguwa. Ba kwamfuta, ba turbo, famfon gas ɗinta ƙarfe ne zalla da kowane kanike ke iya kwancewa a kan tabarma. Da safe sai ka jira hita ta yi zafi kafin ta yarda ta tashi, in ta tashi unguwa ta san ta tashi. Ba ta sauri, amma tana da tsawo daga ƙasa, kuma duk abin da aka zuba mata in dai yana warin gas za ta ƙone shi. Malam Gambo mai injin niƙa shi ne jagoran masu son kaka, da kusan duk dattawan majalisa a bayansa. Hujjarsu mai ƙarfi ce: wadda aka sani, aka san ciwonta, aka san maganinta.

Jika ita ce ta wannan zamanin. Kwamfuta ke auna mata gas, tana fesa shi ta nozul masu ramuka siraran da ido ba ya gani. Ba ƙara, ba hayaƙi, ga ƙarfi, ga ƙarancin shan mai, ga birki mai kyau da esi. Abdulrahman ke son ta, kuma ba don burga ba. Ya ce mace mai zubar da jini ba ta da lokacin jiran hita, kuma tafiyar da Doguwa ke yi tana nishi, jika za ta yi ta cikin rabin lokacin. Sista Rosaline ta goyi bayansa, ita da ta san abin da jinkiri ke jawowa.

Uwa kuwa, ƙirar shekarun 1990, ba ta da magoya baya. Tana da turbo da esi da sitiyari mai laushi, amma famfonta har yanzu na ƙarfe ne irin na da. Dattawa na ganin ta yi sabunta da yawa, matasa na ganin ta tsufa. Matsayin da duk 'yar tsakiya a gidan Bahaushe ta sani.

Ni ce direbarsa a wannan nema, domin ni ce ke zuwa gida ƙarshen mako da mota mai fetur, abin da yake kallo a matsayin rauni a tarbiyyata. Yana da tsarinsa. Ba ya gaya wa dillali ranar da zai zo, kuma da sassafe yake zuwa. Abin da yake fara yi shi ne ɗora tafin hannu a kan bonet. In ya ji ɗumi sai ya ce mu koma, an riga an tashe ta don a ɓoye yadda take tashi da sanyi. In da sanyi take, ya sa a tayar, ya tsaya a baya yana kallon salansa: baƙin hayaƙi ana gyarawa, fari da ya ƙi ɗaukewa ko shuɗi kuwa sai a yi sallama. Sannan ya buɗe murfin baƙin mai alhali inji na aiki, ya ga ko yana huci. Wannan duk masu motar gas sun san shi. Abin da ya ƙara na kansa shi ne katifa. Mukan ɗauko ta daga gida. A kwantar da kujerun baya, a shimfiɗa, ya cire hula ya miƙe, ya ce a bi da shi hanyar da ta fi kowace lalacewa. Ya ce duk masu gardamar nan daga kujerar direba suke magana, alhali ba don direba ake sayen motar ba.

A Ikara muka ga kaka. Malam Gambo ya biyo mu, yana shafa ta kamar ya ga tsohuwar budurwarsa. Injin lafiya lau. Amma da aka ɗaga kafet ɗin baya muka hango ƙasar Ikara ta wani rami, birkinta sai an taka sau biyu, kuma mai ita ya yarda cewa ya yi wata yana neman wani ƙarfen giya har Panteka ta Kaduna bai samu ba. Kawu ya kwanta duk da haka. Ba mu kai ƙarshen layin ba ya buga gilashi. Ya fito yana tari ya ce, "Gambo, ni da kai da ita duk lokacinmu ɗaya. A bar mu mu huta." Na zaci Kawu zai fi kowa riƙe kaka, don na san yadda yake son Doguwa. Shi ne ya fara sakinta.

Ita jika kuwa, Abdulrahman ne ya kawo ta har gida daga Kaduna don gwaji. Kawu ya kwanta a bayanta aka bi da shi hanyar rafi, mai ramukan da damina ta bari. Da muka dawo sai da aka tashe shi, barci ya yi. Ya zauna a bakin but ɗin motar yana gyara hula ya ce bai taɓa shiga mota mai daɗinta ba, kuma duk abin da ɗansa ya faɗa a kanta gaskiya ne. Sannan ya nuna duro.

"Injiniya," ya ce. Haka yake kiransa in zai saɓa masa. "Za ta sha wannan?"

"Baba, wannan ai ko janaretana ba zan ba shi ba. Akwai ruwa, akwai ƙasa, wani ma da kananzir. Mako biyu nozul ɗinta sun tafi, kuma ba mai gyara ta sai an kai ta inda ake sa mata kwamfuta."

"To, ka ga."

"A bar duron mana. Ni zan riƙa sa mata mai daga gidan mai duk wata. Ba wanda zai sake wahala."

"Allah ya yi maka albarka. Ranar da aka ɗauke duron nan, sunanta motar Abdulrahman. Mace na naƙuda, mijinta na tsaye a zaure yana tunanin ko ya kamata ya kira ka tukuna. Wani ba zai kira ba, kunya za ta sa ya ɗora ta a babur."

"Wa zai ji kunyata, Baba? Tare muka yi kiwon awaki da su."

"Shi ya sa."

Abdulrahman ya mayar da jika Kaduna ransa a ɓace. Ban ga laifinsa ba. Mutum ya kawo wa mahaifinsa mafi kyawun abin da zai iya, a ce masa ya yi kyau da yawa.

Uwa a Hunkuyi muka same ta, wurin wani dillali, Mamuda, ranar da ba ta kasuwa ba. A lokacin Kawu ba ya iya tsayuwa sosai, sai aka kawo masa benci. Bonet da sanyi. Ta tashi a murɗawa ta biyu, ta yi ɗan baƙin hayaƙi ta share. Mamuda ya rantse cewa wata tsohuwar Baturiya ce ta riƙe ta, daga gida sai coci. Kawu ya ce lallai cocin na da nisa, tunda robar kuloci ta cinye har ƙarfe ya fito. Mamuda ya yi dariya ya ce Malam ya yi masa rai. Aka gano bel ɗin inji na neman canji, shokazoba ɗaya na yoyo, kuma ta fi Doguwa kusa da ƙasa, sai an ɗan ɗaga ta saboda hanyar rafi. Duka abubuwan da kanikawan Makarfi ke yi ne, kayanta kuma na nan a kasuwa. Ya kwanta a baya muka zaga ta bayan gari. Bai yi barci ba, bai kuma yi tari ba. Da ya fito ya ce, "Ba ta kai jika ba. Amma za ta sha abin da talaka ya kawo, kuma ba za ta shaƙe wanda ke baya ba."

Ya kira Abdulrahman ya gaya masa. Abdulrahman ya ce zai duba. Kowa ya san ma'anar zai duba a bakin ɗan boko, ni ma da ita nake sallamar mutane a ofis. Makonni suka wuce. Jikin Kawu ya ƙara rauni, Doguwa na ci gaba da fita da tagoginta a buɗe, Sista Rosaline na riƙe da kan mara lafiya kusa da iska. Sau ɗaya kawai na ji Kawu ya sake tayar da maganar. Ya ce mini ba ya tsoron tafiya, amma ba ya son ya bar mutane su koma roƙo. Bai ga an sayi motar ba.

A zaman makoki ba wanda ya yi zancen a fili, amma shi ne a ran kowa. Kuɗin na Abdulrahman ne, gidan ya zama nasa, mai cewa a'a kuma ya kwanta dama. Malam Gambo ya raɗa mini cewa shi ya riga ya fara tunanin inda zai kai duron ya riƙa tara ruwa.

Bayan addu'ar bakwai Abdulrahman ya fita da safe bai gaya wa kowa inda za shi ba. Da la'asar sai ga shi ya shigo gari da uwar nan ta Hunkuyi, kaniken Makarfi na biye da shi a babur. An sa sabon bel, an ɗaga ta, an ƙara mata wani mataci mai raba ruwa da gas wanda shi ya zaɓo da kansa. Ya kuma kawo duro na biyu mai famfo a tsakiya, ya ce daga yau gas zai kwana biyu a ciki ƙasa ta kwanta kafin a zuba wa mota, rawani ya yi ritaya. Ya tsaya a gaban dattawa ya ce, "Har yanzu ina ganin tawa ta fi. Na faɗa don kada a ce na canza." Malam Gambo ya ce shi ma har yanzu tasa ta fi. Sista Rosaline ta ce in sun gama su matsa ta ga ko akwatin kayan aikinta zai shiga.

A makon da ya wuce injin casar masara ya kama hannun Mairama, matar wani maƙwabcinmu, da rana tsaka. Mijinta ya zo a guje, ɗaya daga cikin direbobin da Kawu ya koyar ya tayar da motar, Sista Rosaline ta ɗaure hannun ta shiga baya. Sun isa Makarfi a kan lokaci. Ta rasa yatsa ɗaya, sauran hannun ya tsira, kuma ta dawo gida. Abdulrahman bai ji labarin ba sai bayan kwana uku, a bakin wani direban tasha. Ya kira ni yana faɗa, wai a ce motar ta yi fitarta ta farko, ba wanda ya ga ya dace ya ɗaga waya ya sanar da shi. Na bar shi ya gama. Na ce masa haka ake yi wa Kawu, a ɗauki mota ba sai an sanar da shi ba. Sai ya tambaye ni ko hannun nata na warkewa.

Kawu, ka ji yadda aka yi.

Ya Allah, ga bawanka Maiwada ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka yalwata kabarinsa ka haskaka shi. Ka sa duk wanda aka kai asibiti ya dawo da ƙafarsa, da duk jaririn da ya iso duniya lafiya ta dalilinsa, su zama nauyi a mizaninsa. Ka karɓi ciwon da ya sha a matsayin kaffara, ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Indo, ga Abdulrahman da ƙannensa, ga mahaifiyata da ta rasa yayanta, ga Sista Rosaline da Malam Gambo, da dukkan mutanen ƙauyenmu da na kewaye. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa, ya albarkaci abin da ya bari, in tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Amin.